Wa Zai Zuba wa Kabarin Baban Nana Ruwa?

Shekara tara ke nan da tarin fuka ya ɗauke mini mijina, Baban Nana, a nan Kuala Lumpur, kuma bana ce ta ƙarshe da zan yi wannan waiwaye ina kusa da shi. Aikin koyarwar da nake yi ya ƙare, takardar zamana ta kusa mutuwa, wata mai zuwa ni da Nana za mu tattara mu koma Zariya. Shi kuwa yana nan kwance a ƙasar mutane. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Karatun digiri na uku a fannin tarihi ne ya kawo shi, ni na biyo shi da goyo. Abin da ya zaɓa ya bincika kuwa sai da ya ba kowa dariya: tsofaffin wasiƙun Yahudawa masu tarin fuka da na danginsu, waɗanda suka riƙa aika wa gidajen jinyar da aka gina musu a kan duwatsu can ƙasashen Turawa, tun ba a samo maganin cutar ba. In ya shiga shagon mamak, wato masu shayin garin nan, shan shayi, abokansa sai su ce ga Malamin Yahudu nan. Ni ma ban ƙyale shi ba. Na sha ce masa duk tarihin da ke jibge a Zazzau bai ishe shi ba, sai ya tsallaka teku ya zo yana karanta tarin wasu? Dariya kawai yake yi, ya ci gaba da jera kwafin takardunsa a kan tabarmar falonmu na unguwar Pantai Dalam, ni kuma ina mita saboda ba wurin taka ƙafa.

Dole na san abin da ke ciki, don ko ina tuƙa tuwo sai ya biyo ni kicin yana fassara mini. Wani yana roƙon a ba shi naman da aka yanka yadda addininsu ya ce. Wani yana neman a turo maza su cika goma, don ibadarsu ta taro ba ta yiwuwa sai da goma. Amma wadda ta fi zama masa a rai ta wata mata ce da ƙanenta ya mutu a can. Tambaya ɗaya ta yi wa shugaban gidan: ko akwai mai zuwa kabarin yaron ya ajiye ɗan dutse? Al'adarsu ce wai, alamar cewa wani ya zo. Baban Nana ya nemi amsar wasiƙar nan har ya gaji, bai taɓa samunta ba.

Sai ga shi ya fara tari. Muka ce sanyin na'urar ɗakin karatu ne. Kafin a gane, ya rame kamar sillen kara, kuma likitoci suka ce tarin fuka ne, irin wanda ba ya jin magani. Aka keɓe shi a ɗaki shi kaɗai. A gida, in mutum ya kwanta, 'yan dubiya har sai sun hana shi barci. A nan 'yan uwanmu sun yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsu ba, amma tsoro ya fi ƙarfinsu. Sai su yo tapau, wato abinci a ƙunshe, su miƙa wa ma'aikaciyar jinya su juya. Mutumin da bai iya cin abinci shi kaɗai ba ya koma yana ci yana kallon bango. Wata rana ina tsaye da ƙyalle a hanci ya ce mini, “Maman Nana, ashe ban fahimci wasiƙun nan ba sai yanzu.” Na ce ya daina surutu ya sha maganinsa. Sai da na fito baranda na yi kukana.

Da ya rasu maza suka kai shi, ni na zauna a gida kamar yadda muka saba. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, su ma mazan in sun binne sun gama, sai addu'a daga nesa. Ranar ƙaramar salla ta farko maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar Malay da kowa ke kira Makcik, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da buta da ƙunshin furanni. Su da salla iyali ke fita gaba ɗaya su share kaburburan nasu, su zuba ruwa, su yi addu'a. Na ce mata mu ba ma yi. Ta dube ni sheƙeƙe, ta ce to shi baƙon nan haka za a bar shi, kowa da mai zuwa shi ban da shi? Wallahi ban san lokacin da na ɗauko hijabina ba. Da muka isa maƙabarta muka tarar ciyawa ta rufe kabarin, na tsuguna na cire da hannuna. Tun daga ranar ban fasa ba, duk da na san akwai malaman gida da za su ce ban kyauta ba.

Na kan yi tunanin me zai ce da ya ga shekarar korona, lokacin da duniya duka ta koma cin abinci tana kallon bango, masu yi masa tapau su ma aka rataye musu nasu a ƙofa. Na san ba zai yi musu dariya ba, ni ce mai irin wannan halin. Da ya ga Nana kuwa, budurwar da nake yi wa Hausa tana mayar mini da Turanci, da ya sa ta gaba da tsokana har sai ta yi fushi. Abokansa duk sun gama sun koma gida. A unguwar Danau Kota, inda 'yan uwanmu ke taruwa, yanzu sababbin fuskoki ne, ba wanda ya taɓa jin sunansa.

Littafin digirinsa bai kammalu ba. Takardun suna cikin akwati, zan tafi da su, ban san wanda zai karanta ba. Abin da ya rage nasa a zahiri shi ne dariyarsa a bakin Nana, sai wannan ɗan tudun ƙasa da ba zai shiga jirgi ba.

Makon jiya na je wurin Makcik. Gwiwa ta cinye ta, da sanda take tafiya, 'ya'yanta ma suna shirin ɗauke ta su mayar ƙauye. Na daɗe ina kame-kame kafin na tambaye ta ko za ta riƙa zuba masa ruwa in ta je kabarin marigayi mijinta. Ta riƙe hannuna ta ce, “Boleh, zan yi, muddin ƙafar nan ta kai ni.” Ban tambaye ta bayan nan fa ba.

Da na dawo gida na buɗe akwatin, na nemo wasiƙar matar nan. Shekaru ina yi wa mijina tsiya a kanta, yau ga ni da tambayarta a bakina, kuma ni ko wanda zan aika wa ba ni da shi. Allah ya jiƙan Baban Nana, ya sa mala'ikun rahama su zame masa 'yan dubiya.