Ranar da Aka Tsayar da Kiɗan 'Yata

A garinmu ba a katse makaɗi. Ko kiɗan bai yi daɗi ba, sai a bari ya kai ƙarshe, a sallame shi cikin mutunci. Da wannan tarbiyyar na tafi wani filin shaƙatawa a Lewisham, nan ƙasar Turawa, ran wata Asabar da rana.

'Yata ta biyu ce ta ja ni. Ta daɗe tana haɗa wani kiɗa a ɗakinta. Kalangun da ta naɗo a bikin ƙanwata a Zariya ta ɗora a kan gurnanin nan mai kauri na 'yan Jamaika, wanda ke sa kofuna rawa a kicin ɗina. Ta ce in jama'a ba su karɓa ba, ta bar kiɗa ke nan. Ni da nake ta mita, sai na ɗauki mayafi na bi ta. Tun rasuwar babanta, ba abin da ke sa yarinyar nan dariya sai kiɗan.

An jibge akwatunan sifika kamar buhunan hatsi, sun fi ni tsawo. Wani dattijo ɗan Jamaika ne ya ƙera su, shi ke saka kiɗan. Ya sa na 'yata. Kalangu ya fara magana, gurnanin ya shigo ta tafin ƙafata har ƙirji. Wuri ya kaure da ihu, ana ta dukan shingen ƙarfe. Kawai sai mutumin nan ya tsayar da kiɗan, ƙiii, ya mai da shi baya.

Kai! A gaban uwarta? Na ɗaure mayafi a ƙugu na nufe shi, bakina cike da magana. Wata tsohuwa 'yar ƙasarsu ta riƙo hannuna ta tambayi lafiya. Da na faɗa mata, dariya har da hawaye.

"Baiwar Allah," in ji ta, "mu in kiɗa ya kai kiɗa, ba ma bari ya wuce. Farko ake komawa da shi. Ba kowa ake yi wa haka ba."

Kalangun ya sake tashi daga farko. Na hango 'yata ta kutso cikin mutane a guje, fuska jiƙe sharkaf, tana dariya.

"Umma, sun ce a sake!"

Daɗi ya cika ni. Na juya na kama dukan shingen nan tare da su, har tafina ya yi ja.