Kayan Aro a Al-Jaradiya

Daga Zariya zuwa Riyad

Ba a kira assalatu ba na bar Zariya, da jaka ɗaya da takardar da na daɗe ina rubutawa a kan yaran da ake bari a baya a darasin lissafi da kimiyya. Ni malama ce a wata kwalejin ilimi, masu shirin zama malaman kimiyya nake koyarwa, kuma an gayyace ni taron masana a Riyad a kan yadda za a yi wa irin waɗannan yara adalci. Direban da ya kai ni filin jirgin Kano ya tambaye ni ko Umara za ni. Na ce a'a, taro za ni a kan yara marasa galihu. Ya ce, “Ikon Allah! Namu na nan sun ƙare ne, Hajiya?” Na ce ya kula da tuƙinsa.

Mun yada zango a hanya, muka yi zaman jiran da ya sa ƙafafuna suka kumbura, sai bayan la'asar muka sauka. Aka ɗauki hoton yatsuna da na idona, aka buga min hatimi, na fito na tarar da Malam Sabo yana jirana. Mutumin Gumel ne, ya shekara da shekaru yana tuƙi a Riyad, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabcin titi. “Yalla, Dakta, mu kama hanya kafin zahama ta rufe mu,” in ji shi. Da na ga motoci sun yi cirko-cirko a titi mai layi barkatai, na gane cunkoso yake nufi.

Yaya Balaraba ce ta aiko shi. 'Yar wan babana ce, mijinta yana aiki da wani kamfanin gine-gine, suna zaune a Al-Jaradiya, tsohuwar unguwa a yammacin gari. A gida malamar kimiyya ce, a nan kuma ta ware ɗakuna biyu na gidanta tana koyar da 'yan matan leburori da direbobinmu, tana shirya su su je gida su rubuta jarrabawar kammala sakandare. Jarrabawar nan akwai gwajin hannu a cikinta, su kuwa yaran ko kwalbar gwaji ba su taɓa riƙewa ba, a allo take zana musu komai. To masu shirya taron sun ce suna da wani babban akwati cike da kayan gwaje-gwaje, za su ba wurin karatun da ya fi kowane rashi a cikin waɗanda za su ziyarta. Ni na ba da sunan ajin Yaya, na gaya mata batun akwatin amma ban faɗa mata sharaɗinsa ba. Maganar gaskiya, akwatin nan ne ya kawo ni Riyad, takardata 'yar rakiya ce.

Ranar buɗe taro

Otal ɗin taron yana kusa da Unguwar Ofisoshin Jakadanci. A bakin ƙofa masu gadi suka leƙa motar Malam Sabo, suka duba iƙamarsa, wato takardar izinin zama, suka ce ni in shiga shi ya juya. “Mafi mushkila,” in ji shi, wato ba damuwa, “mun saba.”

A ciki aka rataya wa kowa igiya a wuya. Masu ruwan zinariya a bene na sama suke cin abinci, masu shuɗiya a tsakiya, mu masu fara kuma a wani lungu kusa da ɗakin ajiye tsintsiya. Taron daidaito ke nan, jama'a! Kabsar dai ta yi daɗi, shinkafa ce da naman rago, ba zan ci amanarta ba.

Shugabar kwamitin akwatin wata Baturiya ce doguwa, Farfesa Helen, mai kirki ƙwarai, in ta ji kalmar “yara” sai ta dafe ƙirji. Tun safe har azahar masana suna gardama a kan ko za a ce yaran nan “an bar su a baya” ne ko “an tura su gefe”. Wani ya ce baya tana nuna laifinsu ne, wata ta ce gefe ma ai wuri ne. Aka kafa ƙaramin kwamiti a kan haka, aka tafi shan gahawa da dabino. Tawa takardar da yamma na karanta ta, ga mutanen da ba su cika layin gaba ba, ɗaya ma waya yake caji.

Ina fitowa na kira Yaya. Na ce, “Yaya, jibi za su zo. Manyan baƙi ne fa, ku shirya.”

Ta ce, “Uwani, ki bar min wannan. Ba za mu ba ki kunya ba.”

Na kashe waya ina jin daɗi, ban ma tsaya na tambaye ta irin shirin da za ta yi ba.

Ranar ziyara: Al-Suwaidi

Mu huɗu muka fita a wata farar bas mai sanyi kamar firji, Farfesa Helen da wasu masana mata biyu da ni. Muka fara da Al-Suwaidi, unguwa mai cunkoson shaguna, inda wani bawan Allah yake da ajin yamma na 'ya'yan baƙin ma'aikata. Daga ganin yadda ya tarbe mu, ba yau ya fara karɓar masu bincike ba. Na'urar sanyaya ɗaki a kashe, yara a zaune a ƙasa, allo a tsage, shi kuma da an yi masa tambaya sai ya fara sauke ajiyar zuciya kafin ya amsa. Ni da na je neman banɗaki na tura wata ƙofa bisa kuskure, sai ga kujeru a jibge har rufi, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Na ja ƙofar na rufe masa abinsa. Farfesa ta fito tana share ido, tana cewa ba ta taɓa ganin rashi mai tsabta irin wannan ba.

A cikin bas na ce a raina, in dai rashi ake nema, ku bari mu je wurin Yaya, namu na gaske ne.

Al-Jaradiya

Tun daga matakalar bene ƙamshin turaren wuta ya tare mu. Ƙofa ta buɗe, na ce, “Na shiga uku!” a fili.

Ɗakin da na sani a hoton waya, mai tabarmar roba da allo ɗaya, ya ɓace. Darduma ce shimfiɗe mai laushi, tebura a jere, a kansu madubin likita har guda uku, irin mai ƙara girman abu, da kwalaben gwaji suna ƙyalli, da sikeli, da ma'aunin zafi. A kusurwa ga ƙwarangwal na roba tsaye, an goge shi tas. 'Yan matan kuwa kowace ta ɗora farar riga irin ta likitoci a kan abayarta, an naɗe hannun saboda ya yi musu tsawo. Daga baya na ji yadda aka yi. Yaya ta bi likitocinmu da nas-nas ɗinmu da ke aiki a garin ɗaya bayan ɗaya, ta ce musu ƙanwarta za ta kawo Turawa, kowa ya taimaka a rufa asiri. Har wata injiniya ta aiko da kwamfuta. Mutanenmu ba su taɓa haɗa kai a kan abu da sauri haka ba.

Aka fara da ciyar da mu. Tuwon shinkafa da miyar taushe, dambun nama, soyayyun kaji, zoɓo mai sanyi, ga kuma mandi, shinkafar Larabawa da nama, da aka sayo don kada baƙi su ce ba su iya cin namu ba. Farfesa ta ci ta ƙara, tana ta ɗaukar hoto.

Sannan aka yi darasi. Wata yarinya mai suna Ruƙayya, 'yar wani direban tankar ruwa, a Riyad aka haife ta, ta yanki fatar albasa ta ɗora a gilashi, ta murɗa madubin nan ba ko gargada, kamar da shi aka yaye ta. Ashe Yaya ta yi musu horo jiya, ta ce wadda duk ta nuna ƙauyanci gaban baƙi za ta gamu da ita. Da na sunkuya kusa da yarinyar, ta raɗa min da Hausarta mai karkata, “Anti, jiya ne na farko. Wallahi akwai ɗakuna a cikin albasa, kasir, kasir, da yawa! Ni na ɗauka Malama tana zana su ne kawai.” Idona ya kawo ruwa, na yi kamar turare ne ya shige shi.

Farfesa ta juya ga Yaya ta tambaye ta da Turanci, me suka fi buƙata a wannan aji. Yaya ta gyara mayafi, ta amsa da Turancinta na tsohuwar malama, “Mun gode Allah. Ba mu rasa komai ba.”

Na buɗe baki na ce, “Farfesa, ai waɗannan kayan...”

Yaya ta taka min ƙafa. Fuskarta ɗauke da murmushi tana kallon baƙi, ta ce min da Hausa, “Uwani, in kika tona min asiri a ɗakina, gaban baƙin da suka ci tuwona, ba ni ba ke.”

Na ce, “Yaya, rashin ake nema!”

Ta ce, “Su ba su da ido ne? Wa ya taɓa gaya wa baƙo babu? Ai mai hankali shi ke ganewa da kansa.”

Farfesa ta tambayi me muke cewa. Yaya ta ce ina yaba miyar ne.

A otal, da yamma

Na sami Farfesa Helen a wurin shan shayi, na zayyana mata komai, daga madubi har ƙwarangwal. Na ce a wurinmu in baƙo zai zo, ko zanin gado aro ake yi, kuma cewa “ba mu rasa komai ba” gaisuwa ce, ba rahoto ba. Ta saurare ni da kyau, har da riƙe min hannu. Sannan ta ce abin ya burge ta matuƙa, ya kamata in rubuta takarda a kansa. Amma ƙa'idar aikinsu ita ce abin da aka gani da ido da abin da mai wurin ta faɗa da bakinta. Abin da aka gani, mu huɗu muka gani. Abin da nake faɗa ni kaɗai na sani, kuma ga shi 'yar'uwata ce.

Na ce, “To mu koma gobe ba sanarwa, ki ga ɗakin yadda yake.”

Ta ce, haba, ziyarar ba-zata ai cin mutuncin waɗanda ake bincike a kansu ne, tsarinsu ya hana. Raina ya ɓaci har na kasa shanye shayin, ga shi da tsadar tsiya.

Ranar rufe taro

Aka haska hoton Ruƙayya a bango, ta fi ƙofar gari girma, ido a kan madubi, farar riga fes. Farfesa ta ce ga shaida nan cewa in al'umma ta tashi tsaye, ba ta buƙatar kowa. Zaure ya ɗauki tafi, har masu igiyar zinariya suka miƙe. Aka kira ni na tsaya aka tafa min, ni ma don rashin abin yi na tafa wa kaina. Daga nan aka kira mutumin Al-Suwaidi aka miƙa masa akwatin. Ya sauke ajiyar zuciya, ya karɓa.

Malam Sabo ya zo kai ni filin jirgi a makare, domin tun safe yake rabon mayar da kaya. Saura ƙwarangwal, yana kwance a kujerar baya an lulluɓe shi da zanin atamfa, ƙafafunsa a waje. A wani shingen bincike ɗan sanda ya leƙo, ya ɗaga zanin, ya ja da baya da salati. Malam Sabo ya yi ta rantsuwa da Larabci cewa roba ne, na wata likita ne, har da ƙwanƙwasa masa kai don a ji. Da muka wuce ya ce, “Halas, an gama, Dakta, saura tebura gobe. Akwatin namu yaushe zai iso? Malama ta sa an kafa masa kanta.” Na ce masa jirgina zai tashi, ya ƙara wuta.

Gida

Na iso Zariya washegari da hantsi, lafiya lau, da takardar shaidar halartar taro mai ruwan zinariya a gefe. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Malam Sabo da motarsa, da duk likita da nas da suka ba da aron kayansu da zuciya ɗaya. Masu shirya taro ma na gode, sun ciyar da mu, kowa a benensa.

Ban ko cire mayafi ba wayar Yaya ta shigo. Ta yi min barka da sauka, ta tambayi yara, sannan ta ce Ruƙayya ta dame ta, wai in akwatin ya zo ita za ta fara leƙa ganyen zogale. Na zauna a bakin gado na gaya mata gaskiya, cewa an ba wani, kuma dalilin da aka bayar shi ne ajinta ba ya cikin rashi.

Ina jin muryoyin yaran a bayanta suna bitar darasi.

Can ta ce, “To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai in ci gaba da zana musu.” Sannan ta rage murya. “Amma dai, Uwani, tsakaninki da Allah, ba su ga gazawarmu ba ko?”

Na ce, “Ba su gani ba, Yaya. Ko kaɗan.”