Baballe Mai Narka Kwalba

Baballe bai gaji sana'ar kwalba ba. Mahaifinsa manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Kura. Yana saurayi ya bi motar albasa zuwa Bida, can ya ga masu narka kwalba suna fitar da awarwaro da tsakiya, wato duwatsun ado na mata. Motar ta dawo ba shi. Shekara uku yana hura zugazugi kafin a bar shi ya riƙe ƙarfen da ake naɗa narkakkiyar kwalba a kai, ya ƙara shida yana koyo.

Da ya dawo, ya gina murhu a bayan gida. Koriyar kwalbar lemo, ta maganin tari mai ruwan ƙasa, shuɗiya ta man shafawa, kowacce ya san wutar da take so. Matan Fulani kan zo daga rugagen Bunkure su zaɓa. Ko kwatanta masa tsakiyar kakarki kika yi, zai fitar miki da ita.

Wajen 2004 tsakiyar roba ta cika kasuwa, ga sheƙi ga araha. Wata ranar kasuwa Hawwa, wadda ta fi shekara goma tana saye a wurinsa, ta ɗaga awarwaro ɗaya ta duba a rana, ta ajiye.

"Malam, naka ya fi kyau," in ji ta. "Amma yaran yanzu ba sa so, wai nauyi."

Sai kuma ido. Matarsa Binta ce ta fara lura yana zuba koriyar kwalba cikin shuɗiya. A asibiti a Kano aka ce yanar ido ce, kallon wuta ya jawo. An yi aiki, ido ɗaya ya ɗan washe, ɗayan ya tafi. Likita ya ce ya bar murhu.

Bai bari ba, sai ranar da ya kai hannu kan narkakkiyar kwalba yana zaton ta huce. Binta na shafa masa zuma tana hawaye.

"Don Allah, Malam, ya isa haka."

Ya yi cigiyar wanda zai koya, ko kyauta. Samarin ƙauyen suna injin casar shinkafa, wasu kan acaɓa. Ba wanda ya zo. Daminar 2008 ta rushe murhun, Binta ta mai da wurin garken awaki.

Daga nan wani maƙwabci ya ba shi korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Yakan wuni a kan kunya yana kaɗa gwangwani. Ba ya ganin tsuntsayen, kukansu yake bi.