Iwar Laraba da Buhunan Yashina

Wautata ba ta buƙatar shaida. Shekara uku na yi a firamare, biyu daga ciki a bisa mangwaron bayan aji. Amma babbar wautar sai da na yi furfura na tafka ta, a kan ciyawa kuma.

Ina yaro a Paikon Kore, in an gama cin tuwo, Kaka takan tura doya cikin garwashi, ta jawo damin iwa, ciyawar nan ta bakin tafki da ake saƙa asabari da ita. Sai ta ce, "Ga ta nan ta iso, mai gyangyaɗi ba shi da doya."

Wai iwa ce ta yi wa ruwa ƙorafi: "Kullum kana kaɗa ni, ƙuguna ya gaji." Ruwa ya yi fushi ya tsaya cak. Laka ta yi wari, kainuwa ta rufe tafki, saiwar iwa ta ruɓe. Na ce to, na gane, motsi ake so.

Bayan kwana uku Kaka ta juya tatsuniyar. Yanzu wai iwa ce ta kira ruwa rago, shi kuwa ya taho a guje ya tumɓuke ta.

"Kaka, wacce ce ta gaskiya?"

"Kai, mijin banza, juya doyarka, tana ƙonewa."

Har ta rasu ba ta faɗa mini ba.

Bara waccan na toshe mashigar tafkin da nake kamun kifi da mafitarsa da buhunan yashi, wai kada kifi ya gudu. A nan kuwa matata Laraba ke yankar iwa, kuma asabarinta ne ke ci da gidan, ba kifina ba. Wata biyu ruwa ya fara ɗoyi, iwa ta koma ruwan ɗorawa. Na tuna tatsuniyar farko. A gigice na kwashe buhunan duka rana ɗaya, ga ruwan sama ya taru a bayansu. Ya share sauran iwar, ya haɗa da kifin.

Har yau ina juya abin. Wataƙila iwa na son ruwa mai tafiyar tsohuwa, ba ya tsayawa, ba ya gudu. Wataƙila kuma Kaka mantawa kawai ta yi da yadda ta faɗa da farko.

A ranar, Laraba ta tsaya a bakin tafkin da lauje a hannu, ta daɗe tana kallon laka. Sannan ta ce, "Baban Audu, tatsuniyar nan kowa ji ya yi ya kwanta. Kai kaɗai ka gwada duka biyun."