Bazarar da Muka Tashi Sanya

Shekarar da aka yanko hanyar mota ta gefenmu, tsakanin Batsari da Safana, ina sabon magidanci. Mai unguwa ya zo da kansa ya ce kowane gida ya ba da namiji da gatarinsa, umarnin Nasara ne. Ni aka bayar.

Turakun masu awo sun bi ta kan wani tudun yashi da ke tsakaninmu da Wagini. A nan sanya take, itacen da mata ke kira uwar magunguna. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce ungozomar ƙauyenmu, kuma da saiwar nan take taimakon masu jego. Ba ta taɓa kashe itace ba. Takan yanki kaɗan a gefe, ta mayar da ƙasa, ta ƙyale shi ya huta.

Da na gaya mata inda turaku suka bi, ta ajiye mazarinta.

"Har tudun?"

"Har tudun, Gwaggo."

"To, a tashe su mana. Mutum ma yana ƙaura."

Ba wanda ya taɓa dasa sanya a cikinmu. Na tafi wata ruga kusa da garin Zakka, gun wani dattijon Bafillace, aminin mahaifina, wanda ya san daji. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ce:

"Aikin damina ne wannan, ɗana, ga shi ana tsakiyar bazara. In ya zama dole, ku zaɓi ƙanana. Ku haƙa da zurfi, kada uwar saiwa ta tsinke. Ku ɗauko su da ƙasarsu, ku rage musu ganye."

Na roƙi mai unguwa a jira ruwa ya sauka. Ya ce, "Ni ma aiko ni aka yi."

Kullum in an tashi aikin hanya, ni da Gwaggo da matata mukan hau tudun. Saiwar takan nutse har hannuna ya ƙare ban kai ƙarshenta ba. Yashi ba ya riƙe kansa, kana ɗagawa ya zube ya bar ta tsirara. Da yawa sun tsinke, ƙamshinsu mai kaifi ya cika ramin. A hankali muka gane cewa in an jiƙa yashin tukuna, aka naɗe shi da tsumma, yakan zauna. Gwaggo ta tara matan unguwa ta nuna musu, kowace ta ɗauki nata a ƙwarya.

Manyan kuwa, da hannuna na sare su tare da sauran mutane, aka cinna musu wuta. Gwaggo ta bi bayanmu tana tsintar saiwa a zanenta.

Muka dasa namu bayan ɗakinta, muka yi musu inuwa da zana. Rijiya ta ja baya, amma matata ba ta fasa ba su ruwa ba. Na matan unguwa suka fara bushewa, sannan namu. Guda ɗaya ya kai damina, har ya yi toho. Mutane suka riƙa zuwa kallonsa. Sai marka ta kama. Ƙasar gidanmu laka ce, ruwa ya kwanta a gindinsa, ya ruɓe. Gwaggo ta kankare ɓawon da farce, ta duba, ta shige ɗaki.

Da kaka na raka ta daji neman wata sanyar. Malamin daji ya tare mu, ya ce wurin ya zama gandun daji, ba a tono.

Saiwar da ta tsinto ta kai ta shekaru kaɗan, tana bayarwa ɗan ƙiris-ƙiris. Ta ƙarshe wata mata daga ƙauyen Babban Duhu ta samu. A ranar, Gwaggo ta wanke tukunyar da take ajiye saiwar, ta kai tsakar gida ta zuba wa kaji ruwa a ciki.