Turmin Zuweira

A Zangon Kumasi, in aka ce fufu to an ce Zuweira. A New York kuwa aikinta kula da wata tsohuwa, gidanta kuma hawa na biyu ne a wani tsohon gidan katako kusa da Parkchester, inda ko tafiya ka yi da ƙarfi sai kwanuka sun amsa. Dole ta koma tuƙa fufun gari a tukunya, abin da a da take yi wa dariya.

Abin da ke ci mata rai shi ne Fauzia, ƙawarta, wadda a can Kumasi ko miyar gyaɗa ba ta iya ba. Allah ya ba ta ɗaki a ƙasa mai daɓen siminti, tana daka son ranta. Duk Lahadi 'yan Zango can suke tururuwa. Zuweira takan je, ta ci, ta ce "ba laifi," ta dawo zuciya kamar ta fashe.

Da sunan jikarta ya matso, ta sa aka taho mata da turmi da taɓarya ta jirgi. Ta kira Saani kafinta ya duba ɗakin. Ya ajiye kofin ruwa a tsakiya, ya ɗaga dugadugansa ya sake su. Ruwan ya daɗe yana rawa.

"Anti, daɓen katako mai kyau, ka taka ya motsa kaɗan ya tsaya nan take," in ji shi. "Wannan floor ɗin tafiya ma da ƙyar yake ɗauka. Katakan ƙasansa sun yi tsawo, sun yi siriri."

"Na sa bargo a ƙasa."

"Bargo ƙara yake kashewa, ba girgiza ba."

Ta yi kunnen uwar shegu da shi. Ai ta san matarsa ma wajen Fauzia take ci.

Ranar suna da hantsi ta ninka bargo, ta ɗora turmi, ta zuba rogo da ayaba. Dakan farko madubi ya karkace. Ta ci gaba, daɗi ya cika ta, har tana 'yar waƙa. Can sai ga Rwang, maƙwabcinta na ƙasa, farar ƙura fal a kansa, riƙe da fitilar silin ɗinsa.

Baƙi na hanya, rogo na hucewa. Ba yadda ta iya, ta sa turmin a tasi zuwa gidan Fauzia. A kan simintin nan ta daka fufun da rabonta da irinsa tun Kumasi, mai laushi, ba gudaji ko ɗaya. Aka kwaso shi zuwa wajen suna a kuloli masu sunan Fauzia ɓaro-ɓaro a murfi.

Wani dattijo ya kai loma, ya lumshe ido, ya juyo wajenta.

"Zuweira, ki roƙi Fauzia ta koya miki mana."