Riga Kan Riga a Tsakiyar Bazara

Inna ta yi mini ƙarya, kuma har ta koma ga Allah ban ce mata na yafe wannan ba. Sauran duka na yafe. Masu cewa ba a faɗin haka a kan uwa su yi ta faɗi. Sai da na yi furfura na zauna ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙon alƙalami, ba zan ɓata shi wajen shafa wa zance mai ba.

Shekarar da soji suka karɓi mulki ne, fari ya riga ya cinye ƙasa. Muna zaune unguwar Yantala a birnin Yamai, maigidana planto ne, wato ɗan aike, a wani biro, ofishin gwamnati. Ba mu da yawa, amma tukunya tana hawa wuta. Duk wanda ya zo daga garinmu can wajen Tawa, saƙon Inna ɗaya ne: a gaishe ni, kowa lafiya lau, rumbu da sauran albarka. Ina ganin mutanen daji zube a bayan gari ƙarƙashin tsummoki, amma na ce namu Allah ya tsare su, tunda uwata ce ta faɗa.

Ni ban taɓa kai rigata wurin tela ba. Telolin Yamai su matse ki, su yi miki shafi a ciki, ki dahu kamar dankali. Da bazara ta kawo kai sai in tafi kasuwar Katako in tsinto yadi marar nauyi, in wanke shi sitacin ya fita, in shimfiɗa kan tabarma in yanka. Wuya mai faɗi, hammata a sake don iska ta ratsa. Lokacin ban san lambar metir ba, da kamu da taƙi nake awo, kuma kekena na ɗinki mai juyawa da hannu bai taɓa ba ni kunya ba. Kullum biyu nake yankawa, tawa da ta ƙanwata, autar gidanmu. Ba na buƙatar ganinta. Jikinmu ɗaya, faɗin kafaɗa da cikar ƙirji, tun muna 'yan mata ake ce mana turmi biyu daga icce guda. Waccan shekarar tana goyon ɗiya mace, don haka na tsaga gaban tata na jera maɓallai, ta shayar ba sai ta ɗaga riga duka ba.

Ban kai ga aikawa ba sai ga ta da kanta, da ɗan ƙunshi a ka, baya ba goyo.

"Ke Auta, ina ɗiyar?"

"Na yaye ta, Yaya. Tana wurin Inna."

A garinmu haka ake yi, in an yaye yaro wurin kakarsa ake kai shi ya manta nono. Sai dai ɗiyar nan ko shekara ba ta cika ba.

"Yaye tun yanzu? Ko mijin naki ne ya kasa haƙuri, an yi mata ƙane?"

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Na ga fuskarta ta faɗa, na ce wahalar hanya ce, don jikin yana nan cike yadda na san shi. Na zuba mata dambu da kopto, kwaɗon ganyen nan, ta ci a hankali kamar baƙuwa.

Da la'asar zafi ya tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Na ɗauko rigar.

"Tuɓe ki gwada, ki sha iska."

"Bari sai gobe, Yaya."

"Goben me? Ni na yi miki wanka kina tsumma, yau ni za ki ji wa kunya?"

Na kama rigar jikinta na ja sama. Ƙarƙashinta wata riga ce, ɗinkina na bara. Ƙarƙashin wannan, ta bara waccan. Na ce innalillahi, wace irin mahaukaciya ce ke jibga kaya a wannan zafi? Ta ɗaga hannuwa kawai kamar yarinya. Daga ƙarshe sai wani tsohon zane na Inna, an naɗe shi a ƙirjinta an ɗaure ta baya. Na warware.

Ban san jikin mutum yana iya komawa haka yana tafiya da ƙafarsa ba. Haƙarƙari a fili kamar saƙar kwando. Ramin wuyanta zai riƙe ruwa. Nonon da na tsaga riga dominsa ya kwanta kamar ganyen taba da aka shanya. Ban san dalili ba, sai na ɗauki sabuwar rigar na zura mata. Wuyan ya zame ta kafaɗa ya sauka har gwiwar hannu.

"Wa ya naɗa miki wannan?"

"Inna. Ta ce mijinki mutumin biro ne, kar in shigo gidan suruki kamar mai bara, a raina mu."

"Nonon fa?"

"Ya ɗauke tun lokacin sanyi."

"To me ɗiyar take sha?"

"Ruwan dusa. In an jiƙa 'ya'yan anza na daji ɗacin ya fita, Inna ta tauna ta sa mata a baki."

Mijinta ya tafi kudu neman abin kai, ba labari. Rumbun da ake ce mini da sauran albarka, tun kaka aka share shi. An turo ta ne ta ce mini ziyara ta zo, ta nemi aikin daka ko wanki a ɓoye, ta riƙa aika musu hatsi tiya ɗaya ɗaya.

Na zauna a ƙasa. Kuka bai zo ba. Abin da ya tsaya mini a rai, awakin maƙwabta sun yi wata da watanni suna cin ƙanzon tukunyata, jininmu kuma yana shan ruwan dusa, don kawai kar wani planto ya raina gidan su Inna.

Da maigida ya dawo na faɗa masa ba ragi. Ya yi salati, sannan ya fara irin tasu ta ma'aikata. Wai soji sun tsare hanyoyi, duk wanda aka gani da hatsi sai ya yi bayani, mutanen ƙauye kuma ba a barinsu shiga gari, sansani ake kai su. In dakata ya nemo takarda a biro, zuwa mako mai zuwa.

"Malam, ɗiyar da ke shan ruwan dusa ba ta san mako mai zuwa ba."

"Kuma ki duba tsohuwa. In kika kwaso ta gaban mutanen gari, kin kunyata ta."

"Da kunya abinci ce, da Auta ta fi ni ƙiba."



Da gari ya waye na dama wa Auta kunu, na damƙa ta hannun maƙwabciyata Bazabarma, na ce kar ta bar ta ta ɗaga ko taɓarya. Na juye shinkafar garin Saga da geron da ke gidan cikin zannuwa na ƙulle, na sa gwangwanin madara a tsakiya. Sojan da zai tare ni, na riga na shirya masa amsa: ya zo mu je tare ya gani. Na ɗaura zanen goyo a ƙugu, na ɗora kayan a ka, na nufi tasha na hau kamiyon farko, motar kaya mai zuwa Tawa.